Kube Mai Huji Biyu

Baduku ba ya ɗinka kube da ka. Sai an kawo masa wuƙar, ya aza ta a kan fata, ya zana, ya yanka, ya jiƙa fatar, ya naɗa ta a jikin ƙarfen, sannan ya ɗinke. Shi ya sa ko wuƙa ta ɓata aka bar kubenta, wanda ya san sana'ar zai juya shi a hannu ya gaya maka tsawon ruwanta da faɗinsa, ya ce maka miƙaƙƙiya ce ko lanƙwasassa. Irin wannan karatun masu tara kayan tarihi a Amurka da Turai suke yi wa tsofaffin kuben libarba, wato ƙaramar bindigar nan mai 'yar ganga a tsakiya, wadda ɗakunan harsashinta ke juyawa ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa kuben kaɗai ke saura. Bindigar an sayar, ko gwamnati ta karɓe abinta, ko ta nutse a wani kogi shekara ɗari da suka wuce, shi kuwa kuben yana nan cikin akwatin kaka, ya bushe, ya yi baƙi. Sai jika ya ɗauko shi yana tambaya: wace bindiga ce ta zauna a nan?

Akwai wani kube da sojan dokin Amurka suka fara ratayawa a shekarar 1881. Baƙar fata ce, an buga haruffa biyu na sunan ƙasar cikin wani zagaye a jikinsa, yana da marfi da ke rufe rabin ƙotar bindiga, da maɓallin tagulla guda ɗaya. Amma a jikin marfin huji biyu ne, maɓalli ɗaya. Wanda bai sani ba zai ce wani soja ne ya ƙara hujin da basilla don fatar ta saki. A ma'aikata aka huda su duka biyun, da gangan, kuma dalilin hujin na biyu ya isa ya nuna cewa tambayar jikan nan ba koyaushe take da amsa ɗaya ba.

Sai mun koma baya kaɗan. Samuel Colt ya sami takardar haƙƙin ƙirƙirar libarbarsa a Amurka a 1836, kamfaninsa na farko a garin Paterson ya karye a 1842, har sai da yaƙin Amurka da Meksiko ya sake tada shi. A 1847 shi da wani kyaftin na mayaƙan Teksas, Samuel Walker, suka fito da wata jibgegiyar libarba mai bututu inci 9, nauyinta ya kai kilo biyu. Guda 1,100 aka yi. Wannan ba abin ratayawa a ƙugu ba ne, sai dai mutum ya riƙa tafiya a karkace. A kwacciyar sirdi ake rataya ta, kube biyu haɗe, ɗaya dama ɗaya hagu, doki ke ɗaukar nauyin. Don haka a harshen Colt na wancan zamani, in aka ce bindigar kube, ta sirdi ake nufi. Mai matsakaicin girma ita ce ta ɗamara, ƙarama kuma ta aljihu. Wanda ya ci karo da kube biyu manya da wata faffaɗar fata ta haɗa su, mai rami a tsakiya, ya daina neman inda bel zai shiga. Na doki ne.

Bindiga ta sauko daga sirdi zuwa ƙugu ne da ta rage nauyi. Colt ta 1851, mai harsashi .36 da bututu mai kusurwa takwas, inci 7 da rabi, ba ta wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Ta 1860, mai harsashi .44 da bututu zagayayye inci 8, ita ce aka fi gani a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, an ƙera fiye da 200,000. A yaƙin nan ne siffar kuben soja ta zauna: dogo, siriri, mai babban marfi saboda ruwan sama, an toshe ƙasansa da 'yar zagayayyar fata, ana rataya shi a ƙugun dama amma ƙotar bindigar na kallon gaba. Baƙo zai ce an yi shi a baibai. Dalilin shi ne a idon manyan hafsoshi takobi ne makamin sojan doki na farko. Takobin na hagu, hannun dama ke zare shi. Libarba kuwa an juya ta yadda hagu zai miƙo ta gaban ciki ya cafko, ko dama ya murɗo ya zare. Wannan al'ada ta yi tsawon rai fiye da amfanin takobin kansa, har yaƙin duniya na farko ana ɗinka kube haka. Saboda haka masu sayar da kayan gwanjo sukan yi kuskure su rubuta cewa kuben bahago ne, alhali na kowa ne.

Tun a wannan yaƙin aka fara cakuɗa. Kamfanin Remington ma ya sayar wa gwamnati libarba .44 mai bututu inci 8, kuma 'yan kwangilar fata, irin su Gaylord na garin Chicopee, ba su tsaya auna kowace bindiga ba. Dubbai ake nema, da gaggawa. Kube ɗaya ya karɓi Colt, ya karɓi Remington. Fatar ce daga baya ta koyi jikin wadda ta daɗe a cikinta.

Duk waɗannan bindigogin ɗuri ne, albarushi daban, dalma daban. Harsashi mai kwanson tagulla ya zo da rigimarsa. Wani Rollin White ya riƙe haƙƙin ganga mai ɗakuna a fafe gaba da baya tun 1855, ya ba kamfanin Smith & Wesson su kaɗai, Colt ta zauna tana cizon yatsa har haƙƙin ya ƙare a 1869. A 1870 Smith & Wesson suka fito da babbar libarba mai karyewa ta sama: ka danne ƙulli, bututu da ganga su sunkuya gaba, kwanso shida su tashi lokaci guda. Sojan Amurka sun sayi 1,000 don gwaji. Rasha ce ta kwashe mafi yawa, sama da 100,000 cikin 'yan shekaru. Ita kuwa Colt ta amsa a 1873 da libarbar da duk mai kallon fim ɗin kaboyi ya san siffarta ko bai san sunanta ba: harsashi .45, bututu inci 7 da rabi, jiki guda da ba ya karyewa, 'yar ƙofa a gefen dama inda ake zura harsashi ɗaya-ɗaya, da wani siririn kwaroro manne a gefen bututu mai ɗauke da sandar tunkuɗo kwanso. Gwamnati ta fara da odar 8,000, kafin 1891 ta sayi wajen 37,000. Ita ce a ƙugun mutanen wani hafsan sojan doki, Custer, ranar 25 ga Yunin 1876, da mayaƙan ƙabilun Lakota da Cheyenne suka gama da su a bakin kogin Little Bighorn.

To, ana wata ga wata. Akwai wani manjo a runduna ta 10 ta sojan doki, rundunar da dakarunta baƙaƙen fata ne, hafsoshinta farare. Sunansa George Schofield, ƙanen Janar John Schofield. Shi ya zauna kan doki ya san wahalar ɗura Colt da hannu biyu, linzami a baki ko a hammata, doki na sukuwa. Sai ya ɗauki libarbar Smith & Wesson ya sake mata ƙulli, ya ciro shi daga jikin bututu ya mayar da shi jikin uwar bindigar, yadda babban yatsa zai ja shi baya, a goga bututun a cinya, bindiga ta buɗe ta zubar da kwansonta, duk da hannu ɗaya. A 1875 sojan suka karɓa, suka sayi 3,000, daga baya suka ƙara wajen 5,000. Bututunta inci 7. Wasu sun ce zaman yayansa babba a soja ya buɗe masa ƙofa, amma dabarar tasa dabara ce ta gaske, ko maƙiyinsa ba zai ce ba ta aiki ba.

Matsalar tana cikin ganga. Gangar Schofield ta fi ta Colt gajarta, don haka dogon harsashin Colt ba ya shiga cikinta, nata gajeren kuwa yana shiga duka biyun. Ka yi tunanin sansani a tsakiyar daji, tafiyar kwanaki daga tashar jirgin ƙasa, an buɗe akwatin harsashi an tarar da dogo, mutane kuwa Schofield ke hannunsu. Ma'aikatar makamai ta Frankford da ke Filadelfiya ta raba gardamar, ta koma yin gajeren harsashi kawai ga kowa. Abin da aka yi wa harsashi shi aka yi wa fata. Maimakon a ɗinka kube iri biyu, a ajiye lissafi biyu, a riƙa aika na wannan wurin wancan, sai aka yi guda ɗaya mai ɗan yalwa. Da yake ƙirar bayan bindigogin biyu ba ɗaya ba ce, marfin ba ya sauka daidai wa daida a kansu, shi ne aka huda shi sau biyu, kowace da nata hujin. Ma'aikatar Rock Island, wadda ke kan wani tsibiri a kogin Misisifi a jihar Illinois, ita ta ɗinka mafi yawansu, kuma sunanta kan kasance a buge a jikin fatar, tare da haruffan sunan sufeton da ya duba aikin.

Ni dai in an tambaye ni, wannan shi ne kuben da ya fi kowane gaskiya, domin ya faɗa da bakinsa cewa na mutum biyu ne. Sauran da yawa haka suke, sai dai ba su faɗa.

Mai irin wannan kube a hannu yana da abin dubawa. Ya duba hujin nan biyu, wanne ne ya buɗe ya yi laushi, wanne ne yake nan kamar jiya aka huda. Sannan ya leƙa ciki da fitila. Fatar da aka jeme da ɓawon itace, kamar yadda majemanmu ke yi da bagaruwa, tana da wata ɗabi'a: in ta sha zufa da raɓa da mai, aka matsa ta a jikin abu shekara da shekaru, sai ta ɗauki siffarsa ta riƙe. Colt takan bar doguwar gwadabe a gefe guda, inda kwaroron sandar nan ya kwanta, daga gaban ganga har kusa da bakin bututu. Schofield ba ta da wannan kwaroro a gefe. Ita shaidarta tana ƙasa, gaban da'irar kunama, inda mahaɗin karyewarta ya yi ƙullutu, sai kuma wani tudu da ya bi saman bututunta tun daga tushe har baki. Ɗan ƙahon saiti da ke bakin bututu shi ma yana karce fata duk shiga duk fita, inda karcen ya tsaya nan ne iyakar tsawon bindigar. Rabin inci ne tsakaninsu, amma rabin inci a jikin fata abu ne da ido ke gani.

Madaukin bel da ke bayan kuben ma yana ba da labari. Da farko ƙarami ne, don siririn bel na fata. Da sojoji suka koma ɗaura faffaɗan bel saƙaƙƙe mai gidajen harsashi, irin wanda wani hafsa Anson Mills ya ƙirƙiro, sai madaukin ya riƙa girma, tsofaffi kuma aka farke aka sake musu. Layin tsohon ɗinki da aka bari babu zare, ramuka jere, ba lalacewa ba ce. Shaidar gyaran ma'aikata ce ko na badukun sansani.

Schofield ba ta daɗe a soja ba. Manjo Schofield ya kashe kansa a wani sansani a Arizona a 1882, bindigogin kuma aka tattara aka yi gwanjonsu. Dillalan New York, irin su Schuyler, Hartley & Graham, suka saya, suka yanke bututun da yawa zuwa inci 5, kamfanin jigilar kuɗi da kaya na Wells Fargo ya ɗebi ɗaruruwa ya ba masu gadinsa. Kube-kuben ma haka aka yi gwanjonsu. Wani Francis Bannerman ya tara irin wannan tarkacen soja har shagonsa ya gaza ɗauka, ya sayi tsibiri a kogin Hudson a 1900 ya gina masa wani gida kamar fadar sarki. Ta hannun irinsu kuben gwamnati ya shiga hannun manomi da makiyayi da ɗan fim, kowa ya cusa abin da yake da shi. Wannan ne ya sa ake samun fata mai shaida biyu, ɗaya bisa ɗaya, kamar allon da aka wanke ba a wanke da kyau ba aka sake rubutu.

Ita ma Colt an taɓa ta. A 1892 sojan suka koma wata sabuwar libarba ta Colt, harsashi .38, bututu inci 6, gangarta na fitowa gefen hagu a ɗura ta. Ta fi siranta, kubenta ma ya fi matsewa, kodayake daga nesa kamanninsu ɗaya da na 1881: baƙi, ƙota gaba, haruffa biyu a zagaye. Kama da wane ba ta wane. Tsofaffin .45 kuwa ba a zubar ba. Daga 1895 aka riƙa kai su masana'antar Colt da ta gwamnati a Springfield, a kwance su, a wanke, a yanke bututu zuwa inci 5 da rabi, a sake haɗawa. A Springfield ba a damu da mayar wa kowace kayanta ba, shi ya sa yau za ka ga bindiga ɗaya da lamba uku ko huɗu daban-daban a jikinta, kuma hakan ne asalinta. Gajerun nan su aka ba mayaƙan sa-kai na Theodore Roosevelt a yaƙin Kuba na 1898. Shi kansa Roosevelt .38 ya riƙe, wadda aka tsamo daga cikin jirgin ruwan yaƙin Maine da ya nutse a Havana. An sace ta daga gidan tarihinsa a 1990, ba ta dawo ba sai 2006. Wasu kube-kuben na 1881 an datse su don gajeren bututu, an sake toshe ƙasan. Wasu an bar su da tsawonsu, bindiga na lilo a ciki, inci biyu na ƙasa babu kowa sai ƙura.

Launi ma ma'auni ne, amma na shekaru. Wajen 1902 sojan Amurka suka bar baƙar fata suka koma ja-ja mai ruwan ƙasa, ba su dawo baƙi ba sai tsakiyar shekarun 1950. Sai dai a yi hattara, jar fata in ta sha mai da datti shekara tamanin baƙi take komawa. A ɗaga marfi a duba ƙarƙashinsa, ko bayan madauki, inda rana da hannu ba su kai ba.

A yaƙin Filifin ne .38 ta zubar da mutuncinta. Rahotanni suka yi ta zuwa cewa ana harbin mayaƙan Moro, Musulmin kudancin tsibiran, ba su faɗi ba sai sun iso da addunansu. Aka kwaso tsofaffin .45 aka tura. A 1904 wasu hafsoshi biyu, Thompson da LaGarde, suka yi gwaji a kan shanu a mahautar Chicago da kan gawarwaki, suka ce kada a yi ƙasa da .45. Daga nan aka sami babbar Colt ta 1909 mai bututu inci 5 da rabi, da jan kubenta, ƙota gaba kamar kullum. Ba ta yi shekara biyu ba bindigar John Browning mai ɗura kanta ta 1911 ta ture ta, aka ɗauka zamanin libarba ya ƙare. Sai Amurka ta shiga yaƙin duniya a Afrilun 1917, sabuwar bindigar ba ta isa ba, aka koma wa Colt da Smith & Wesson aka ce kowa ya kawo babbar libarbarsa, a gyara ta ta ci harsashin sabuwar. Harsashin ba shi da leɓen da libarba ke kamawa, sai aka yi wani ɗan ƙarfe kamar jinjirin wata mai riƙe uku-uku. Kowane kamfani ya yi wajen 150,000 ko fiye, duka bututu inci 5 da rabi, duka suna ɗaya, samfurin 1917, duka kuma kube ɗaya, wato na 1909 da aka tono aka ba 'yan kwangila. Graton & Knight na garin Worcester, waɗanda asali bel ɗin injin masana'anta suke yi, sun ɗinka da yawa, haruffan sunansu da shekarar na buge a baya. Tarihin 1881 ya maimaita kansa, wannan karon ko huji na biyu ba a buƙata ba.

Raba waɗannan biyun ta fata ya fi wuya, amma ba a rasa ba. Sandar tunkuɗo kwanso ta Colt tana rataye ita kaɗai a ƙarƙashin bututu, ta Smith & Wesson kuwa kanta na shiga wani ɗan ƙullutu da aka ƙera a jikin bututun. Ƙullin buɗe ganga na Colt ja ake yi baya, na Smith & Wesson turawa ake yi gaba, siffarsu daban, kuma kowanne na barin tambarinsa a bakin kube. Colt ɗin ta ɗan fi kauri da nauyi, don haka kuben da ya daɗe da ita yakan yi wa ɗayar yalwa.

Kuben farar hula wata duniya ce daban, can ba doka sai son ran mai saya. Masu tonon zinariya a Kalifoniya a shekarun 1850 sun so siririn kube marar marfi da ya bi jikin Colt kamar safa, galibi da zanen fure. Da harsashin kwanso ya zo, bel ya yi faɗi don ɗaukar harsasai, sai aka sami wanda ake yanka fata guda a naɗe bayanta a zura jikin kuben cikin tsagarta, ƙirar da ake dangantawa da Meksiko. Meanea na garin Cheyenne, Heiser na Denver, Myres na Teksas, waɗannan sunaye ne da kan ninka kuɗin fata, shi ya sa ma 'yan damfara suka ƙware wajen buga hatiminsu a kan fatar jiya. Lambar da ke bayan kube wani lokaci girman harsashi ce da tsawon bututu, wani lokaci kuma lambar samfuri ce a kundin tallan kamfani, ba ta da alaƙa da bindiga ko kaɗan. Mutane da yawa sun ɓata watanni suna neman bindigar da lamba ba ta taɓa nufi ba. Colt ta 1873 kanta tsawo uku aka fi sayar wa farar hula, inci 4 da kwata uku, 5 da rabi, 7 da rabi. Wancan kuben kuwa da ke reto a cinya, wanda kaboyin fim ke zarewa kamar walƙiya, ɗan ƙarni na ashirin ne. A shekarun 1950 wani Arvo Ojala har ƙarfe yake sakawa tsakanin fatu biyu don ganga ta juya tun bindiga ba ta fito ba. Makiyayin gaske a sama yake ɗaure tasa, ta nutse cikin fata, don kada ta faɗi in doki ya yi tutsu.

Mu a nan, in tsohon kuben libarba ya ɓullo a wani gida ko gidan tarihi, ya fi kusa ya zama na Ingila. Hafsoshin da suka jagoranci sojan Lugard zuwa Kano da Sakkwato da Burmi a 1903 sun rayu ne a zamanin Webley, libarba mai karyewa ta sama, harsashi .455, wadda Ingila ta karɓa a 1887. Samfurin da ke aiki a lokacin, na huɗu, na 1899, bututunsa inci 4 ne, ƙotarsa a lanƙwashe kamar kan tsuntsu. Na shida mai inci 6 da ƙota mai kusurwa sai a 1915 ya fito. Sai mutum ya yi saurin cewa ai dogon kube ba zai zama na 1903 ba. A'a. Hafsan Ingila da kuɗinsa yake sayen bindigarsa da kubensa, kuma Webley na sayar da masu inci 6 a kasuwa tun kafin ƙarnin ya juya. Abin da zai yanke hukunci shi ne shekarar da aka buga a baya, in akwai, da 'yar alamar kibiya da ke nuna kayan gwamnati ne. Webley tana da wasu 'yan fukafukai biyu a gaban ganga, an yi su musamman don su buɗe bakin kube kada gangar ta sarƙe, kuma suna barin karce biyu da babu wata bindigar Amurka da ke barin irinsu. A yaƙin duniya na farko Ingila ma ta rasa isassun bindigogi ta sayo .455 daga Colt da Smith & Wesson, suka shiga kuben da aka ɗinka da Webley a rai. Bel ɗin da ake rataya su, mai igiya ta kafaɗa, wanda har yau hafsoshi ke ɗaurawa ranar fareti, sunan Janar Sam Browne yake ɗauke da shi, mutumin da aka sare wa hannun hagu a Indiya a 1858, ya nemi yadda zai zare takobi ba tare da hannun riƙe kube ba.

Wurin awo ne aka fi yin ɓarna. Tsawon bututun libarba daga fuskar ganga ake auna shi zuwa baki, ba daga bayan bindiga ba, don haka a jikin kube sai a nemo kafaɗar da kumburin ganga ya ƙare, a auna daga nan zuwa ƙasa, a rage ɗan abin da toshiyar ta ci. Kuma tsohuwar fata tana tsukewa. Kuben da ya yi shekara sittin babu komai a ciki zai iya ƙin bindigar da aka ɗinka shi dominta, wanda kuma aka jiƙa aka cusa masa babba zai yi wa tasa yawa. Saboda haka shiga ba hujja ba ce, ƙin shiga ma ba hujja ba ce. Mai gaggawa yakan tura da ƙarfi, zaren lilin da ya ruɓe ya ce tas, ɗinkin da ya tsira daga yaƙi biyu ya mutu a kan teburin falo. Wani kuma ya ga fata ta bushe ya yi mata wanka da mai, shaidun da ke ciki su dushe, hatimin baya ya kumbura ya ɓace. Masu kula da gidajen tarihi takarda marar tsami suke cusawa don riƙe siffa, kuma ba su barin ƙarfe ya kwana a cikin fata, don fata na riƙe danshi, tana cin ƙarfe, tana sa tagulla fitar da wani kore mai danƙo. Koren nan ma, in an same shi a gidajen harsashin bel, faɗin zoben da ya bari yana nuna girman harsashin da ya zauna a wurin.

Mu koma ga baƙin kuben nan na Rock Island. A ce an duba an ga huji ɗaya ya buɗe, ɗayan kuwa da ƙyar ya taɓa ganin maɓalli. A ciki ga gwadaben kwaroro a gefe, ba ƙullutun mahaɗi, to Colt ce. Amma karcen ƙahon saiti biyu ne: ɗaya tsoho, ya dushe, ya kai har ƙasa wajen inci 7 da rabi, ɗaya ya fi zurfi da haske, ya tsaya inci biyu sama da shi. Madaukin baya an farke an faɗaɗa, tsofaffin ramukan ɗinki na nan. Mai rubuta takardar da za a liƙa masa zai rubuta cewa samfurin 1881 ne, an yi shi don Colt da Schofield, ya ɗauki doguwar Colt, daga baya ya ɗauki gajeriya bayan 1895. Ko bindiga biyu ce, ko kuwa guda ɗaya ce da ta je Springfield aka rage mata tsawo ta dawo gidanta, wannan layin a takardar sai a bar shi babu rubutu.